Naman Kaza da Ɓurɓushin Maganin Ƙwari: Nazari a Kan Karan Gonakin Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tsiron nan da ke fitowa da damina a gindin ruɓaɓɓen itace, wanda yake kira naman kaza, wasu kuma su ce laimar kwaɗi. A ƙasashe irin su Sin da Holan noma shi ake yi a ɗaki, a kan tattaka ko garin katako. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda maganin da aka fesa a gona yake biyo kara ya shiga naman kaza, da abin da wannan yake nufi ga ƙasar noma irin ta Kankiya da Kusada.

Yadda Yake Cin Abinci

Naman kaza ba shi da koren ganye, saboda haka ba ya haɗa abincinsa da hasken rana kamar gero ko dawa. Wasu fararen zare-zare yake bazawa cikin shimfiɗar da aka yi masa, su narkar da ita, su tsotse. A wajen narkarwar nan wasu magungunan sukan lalace, amma wasu sukan tsira, su haura har cikin laimar da mutum zai ci.

An ga misalin wannan a Turai. Manoman alkama sukan fesa mata wani magani mai suna kilomekwat don kada ta yi tsawo ta kwanta. Da aka noma naman kaza a kan tattakarta, sai aka sami ɓurɓushin maganin a cikinsa, alhali shi ba a taɓa fesa masa ba. Wannan ya sa Tarayyar Turai ta yanka masa iyaka ta musamman. Har ila yau, wajen kashi 90 cikin 100 na naman kaza ruwa ne. Kilo 10 na ɗanye, in ya bushe, yakan koma wajen kilo 1, maganin da bai bi iska ba kuwa ya tattaru a ɗan abin da ya rage.

Kankiya da Kusada

Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ginshiƙin noma a wannan yanki na tsakiyar Jihar Katsina. Bayan kaka akan bar kara da harawa da ƙaiƙayi, waɗanda duk suna iya zama shimfiɗar naman kaza cikin araha. To, amma wake yana cikin amfanin da aka fi yi wa feshi, tun daga fure har ya yi 'ya'ya, kuma tsakanin gero ko dawa aka saba shuka shi. Don haka feshin da aka nufi wake da shi, karan da ke maƙwabtaka da shi ma yakan samu.

Akwai kuma tsofaffin magunguna irin su Gammalin 20, wanda Yarjejeniyar Istokholam ta sa gubar da ke cikinsa a jerin haramtattu a 2009, domin takan yi shekaru a ƙasa ba ta lalace ba. Batun kuwa ya shafi kasuwa kamar yadda ya shafi lafiya: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda maganin dikilobos da aka samu a cikinsa ya wuce iyaka.

Kammalawa

Wanda ya yi niyyar wannan noma ya kamata ya san gonar da karansa ya fito, da irin maganin da aka fesa, da lokacin feshin ƙarshe. Ya guji buhun da aka adana wake da magani a ciki, ya tare ƙuda da raga maimakon feshi a ɗaki. Turara kara da ruwan zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya tabbatar da fitar guba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In aka sami guba a naman kaza, tarihin karan ya kamata a fara bincika.