Riƙon Jama'ar Karkara: Misalin Funtuwa da Malumfashi

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu in mun gama karatu ƙauye za mu koma, waɗansunmu kuma wata rana jama'a za su ɗora musu shugabancin majalisa. Saboda haka ya kamata tun yanzu mu san nauyin abin. Bari mu ɗauki kudancin Katsina misali, watau ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa su ne dukiyar mutane.

A zamanin En'e sarauta ce ke riƙe da ƙasa. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin Sarkin Katsina. Galadima shi ne hakimin Malumfashi, Sarkin Maska kuwa na Funtuwa. Su ke tara haraji su kai Baitulmali. Tsari ne mai ƙarfi, amma yana da aibi guda, talaka yana biya, ba a tambayarsa abin da za a yi da kuɗin. Wannan yana cikin abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya miƙe a majalisar Kaduna cikin watan Agusta 1950, ya nemi a gyara En'e. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye. A 1976 aka kawo ƙananan hukumomi, Funtuwa da Malumfashi ko wacce ta sami tata, daga baya aka yi ta yanka, aka fitar da irin su Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙafur da Ƙanƙara. Jihar Katsina da aka kafa a 1987 tana da 34, cikin 774 na Nijeriya duka.

To, mene ne aikin majalisar? Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa shi. Akwai kula da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da rubuta haihuwa da mutuwa da aure, sa'an nan ta sa hannu cikin sha'anin makarantun firamare da lafiya da noma. Ba aikin da ya fi waɗannan kusa da ran talaka.

Abu na fari, shugaba ya san ƙasarsa da ƙafarsa, gama gani ya kori ji. Wanda bai bi hanyar ƙauye cikin watan Agusta ba, ba zai san inda rafi ke yanke ta ba. In kwalbati ɗaya ya karye, manomi ba ya iya kai masararsa kasuwar Ɗandume, sai ya sayar wa ɗan kasuwa a bakin gona da araha, mai naƙuda kuma ba ta isa asibiti.

Na biyu, gyara ya fi sabon gini wuya. A 1975 aka fara babban aikin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gwambe. Aka yi hanyoyin karkara da wuraren sayar da taki da iri, noman masara ya bunƙasa ƙwarai. Amma irin wannan aiki yana da ranar ƙarewa, hanya kuwa ko wace damina sai ta ci. Saboda haka shugaba mai hankali ya fara ware kuɗin gyaran rijiya da aji da hanya, kana ya yi zancen sabo.

Na uku, adalci wajen rabo. Masu binciken wancan aiki sun nuna manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa. In taki ya zo, a raba a fili gaban dagaci da masu unguwa, a karanta sunaye kowa ya ji, a kuma raba da wuri, don takin da ya zo bayan masara ta yi goyo amfaninsa kaɗan ne. Haka kuma burtali da mashaya, a shata su tun da rani, manomi da makiyayi suna zaune, kada a bari sai shanu sun shiga gona.

Na huɗu, amana. Ko wane kuɗin kasuwa da rasit, ko wane kashewa a rubuce. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Ko yaya aka bi da hukuncin, abin lura gare mu shi ne, in kuɗi ya matso kusa, tuhuma ma ta matso.

Daga ƙarshe, kada shugaba ya raina shawara. Kansila da hakimi da liman da mata masu sana'a, kowa yana ganin abin da wani bai gani ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. In mun je hutu, ko wanenmu ya tambayi dattawan garinsu aiki uku da suka fi bukata, ya rubuto, mu gwada da juna. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.