Guba a Cikin Gida: Yadda Kimiyya Ke Gano Gaskiya

A yankin Funtuwa da Malumfashi, inda masara da dawa da wake ke cika rumbuna bayan kaka, idan iyali suka ci abinci suka kwanta da amai da gudawa, zargi yakan faɗa kan mai girki ko kishiyarta. Amma ƙwararren mai bincike ba ya farawa da neman mai laifi. Yakan fara neman sanin abin da ya shiga jiki, da hanyar da ya bi.

Da farko yakan tantance waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba, da lokacin da ciwon ya fara. Na biyu, yakan killace ragowar abincin, da tukunya, da hatsin da aka ɗebo, da aman marasa lafiya, kowanne a mazubinsa, a rufe, a rubuta kwanan wata. Na uku, yakan saurari likita, domin kowace guba tana da alamunta. Maganin ƙwari irin su Sniper, wanda ke ɗauke da sinadarin dichlorvos, yakan hana jijiyoyi aiki daidai, sai a ga dalalar miyau, da gumi, da ƙanƙancewar baƙin ido. Ƙwayar Phostoxin kuwa, da ake sa wa buhunan hatsi, tana fitar da iska mai kisa idan ta sami danshi, har takan halaka masu barci a ɗakin da aka ajiye buhunan. Daga ƙarshe, ɗakin gwaje-gwaje ne ke tabbatar da sinadarin.

Wannan tsari yakan kai mai bincike ga rumbu, ba ga mutum ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a cikinsa. Haka kuma a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka riƙa mutuwa bayan farfaɗiya. Likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka auna jininsu sai aka tarar da dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu, ba tare da wani ya yi nufin cutar da su ba.

Wannan ba ya nufin ba a sa guba da gangan. Sai dai idan aka samu sinadarin a kwano ɗaya kawai, alhali hatsin rumbu lafiya lau, a nan ne zargi ke samun madogara. In ba haka ba, zato zunubi ne, kuma yakan raba aure a banza, ya bar gubar tana jiran wasu.

Tambayoyi ga ɗalibai:
1. Me ya sa ake gwada hatsin rumbu tare da ragowar abinci?
2. Yaya buhun PICS mai ninki uku ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba?