Ta Ina Zan Fara Aikin Kwamfuta a Wuyan Riga?

Tambaya: Ni tela ne a Kakuri, ina son shiga sana'ar aikin kwamfuta. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, kada ka yi gaggawar sayen inji. Nemi maigida a Barnawa ko Sabon Tasha, ka koyi ɗaure yadi, daidaita zare da canza allura. Sannan ka ƙware a tsara zane da manhajar Wilcom, domin inji abin da aka tsara masa kawai yake ɗinkawa, kuma gwanin zane yakan sami kuɗi ko ba shi da inji. In jari ya samu, sayi inji mai kai ɗaya, ka tanadi janareta. Fara neman kasuwa da bajon makarantu da kaftanin Sallah. Allah ya sa albarka.