Ciwon Kai Da Azumi: Ƙwayar Sahur Tana Hana Shi?



Duk shekara idan aka kama azumin Ramadan, da yawa daga cikinmu kan yi fama da ciwon kai, musamman a ranakun farko daga azahar zuwa la'asar. Shi ya sa wasu ke haɗiyar Panadol da sahur don rigakafi. To, wannan dabarar tana aiki?

Abubuwa huɗu ne suka fi kawo ciwon:
1. Ƙarancin ruwa a jiki, ga zafin Daura da kan wuce digiri 40 da bazara.
2. Yunwa.
3. Barin shayi, kofi ko goro farat ɗaya ga wanda ya saba.
4. Ƙarancin barci.

Panadol, wato farasitamol, yana aiki na awa 4 zuwa 6 ne kawai. Mu kuwa azuminmu kan kai awa 13 zuwa 14. Wanda ya sha da ƙarfe biyar na asuba, kafin azahar ƙarfin maganin ya ƙare, tun ciwon bai zo ba. Ƙara yawan ƙwayoyin kuma haɗari ne, domin yana lalata hanta. Ibuprofen yana iya tayar da olsa, ya taɓa ƙoda idan jiki ba ruwa. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

A 2012 an buga wani bincike da ya nuna cewa etoricoxib, magani mai daɗewa a jiki, yana rage ciwon kan farkon Ramadan. Amma a kan manya aka gwada shi, kuma sai likita ya rubuta.

Abin da ya fi mana:
• Mu riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa-baki zuwa sahur.
• Kada mu bar sahur. Fura da nono, wake ko tuwo suna riƙe ciki.
• Mu rage shayi tun cikin Sha'aban.
• Mu kwanta bayan asham, mu bar ƙwallo da tsakar rana.

Haɗiyar ƙwaya da rana tana karya azumi. Amma idan ciwon ya tsananta, ko ya zo da zazzaɓi ko amai, mu gaya wa iyaye a tafi asibiti, domin yana iya zama maleriya ko sanƙarau. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar shan azumi ya rama.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai mu Hawan Magajiya lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu.