Wa Zai Koya Mini Ginin Ƙasa?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. Burina gidan da zai yi sanyi ba tare da na'ura ba, amma a ofishin da nake samun horo siminti da gilashi kawai aka sani. In bar su?

Amsa: 'Yata, kada ki bar su. A wurinsu za ki koyi lissafin nauyi da hanyoyin ruwa, kuma ruwa ne babban abokin gābar katangar ƙasa. Abin da kike buƙata shi ne malami na biyu, tsohon magini. Ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki ga yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a ɗora azara. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi. Zane a kwamfuta ba zai sa hannunki ya san haka ba.

Misali, Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine ta Nijar, da maginan garin ta yi aiki a Dandaji, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabo da bulon ƙasa a 2018. Daga baya mai zanen gine-gine David Adjaye ya horar da ita.

Ki fara da zuwa fadar Sarkin Magina na garinku idan kin samu hutu.