Furen da Ke Buɗewa da Dare

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:22-34

A hamadar Sonora, wadda ta haɗa jihar Arizona ta Amurka da arewacin Meziko, akwai wani tsiro da ake wa laƙabi da Sarauniyar Dare. Yana fitowa cikin tsakuwa da duwatsu, a gindin ƙananan itatuwa. Kusan duk shekara, in ka gan shi sai ka ce busasshen kara ne. Amma a ƙarƙashin ƙasa yana da saiwa kamar ƙatuwar doya, wata takan fi kilo 10, inda yake ajiye ruwa da abinci. Wajen watan Yuni ko Yuli, lokacin da zafi ya tsananta, sai ya buɗe farin fure bayan faɗuwar rana, ƙanshinsa ya cika wurin. Dare ɗaya furen ke yi, da hantsi ya yanƙwane. Abin da saiwa ta tara a ɓoye shi ke fitowa a wannan dare.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, dubi Bulus da Sila a Filibi. An yi musu dūka, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna yabon Allah, sauran 'yan sarƙa suna kasa kunne. Ina suka samo yabo a irin wannan hali? Sun daɗe suna tara Maganar Allah da addu'a a zuciya. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, kafin gari ya waye an yi wa mai tsaron kurkukun baftisma tare da iyalinsa duka. Halleluya!

Wataƙila yau kana cikin naka daren: rashin lafiya, bashi, rashin aiki, ko 'yan'uwa sun juya maka baya saboda sunan Yesu. Mutane na kallonka kamar busasshen kara. Kada ka karaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wahala takan tone abin da ke cikin zuciya, ko gunaguni ko yabo. Maƙwabcin da bai taɓa shiga majami'a ba yana sauraron abin da zai fito daga bakinka, ta nan kuwa zai iya samun ceto.

Aikin yau: keɓe minti 15 kafin ka kwanta, ka karanta Maganar Allah, ka gode masa don abubuwa 3.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka zurfafa saiwata cikin Maganarka, domin a daren wahalata mutane su ji ƙanshin Almasihu. A cikin sunan Yesu, Amin.