Yadda Ake Riƙe Numfashi Yayin Cire Matsarmama ta Ƴan Ƙofofi

A unguwar Congo-Russia da ke Jos, in aka ce za a cire wa mutum matsarmama a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ƴan uwa ba wuƙa suka fi tsoro ba. Fargabarsu ita ce ko zai farka. Wannan kuwa aikin likitan sa barci ne, da na'urar numfashin da ke wajen kan mara lafiya.

Bayan awa 6 ba abinci, sai a ɗora masa abin shaƙar oksijin, a yi masa allurar barci, a bi da ta saki jiki. Daga nan ba ya iya jan numfashi da kansa, sai a zura bututu a maƙogwaronsa a haɗa da na'ura.

Wahalar tana farawa ne da likitan fiɗa ya huda gefen cibiya ya hura ciki da iskar kabon, don kyamara ta samu wurin gani. Cikin yakan tashi kamar ganga. Tantanin da ya raba ciki da ƙirji ya turo sama, huhu ya takura, wani ɓangare na iskar kuma ya shiga jini.

Hanya biyu aka fi bi wajen saita na'urar numfashi. Ko dai a ƙayyade wa na'ura yawan iskar da za ta tura a kowane numfashi, kamar mililita 6 zuwa 8 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayin mutum, ko a ƙayyade mata ƙarfin turawa. Ta farko tana cika mudu ko da huhu ya yi tauri, amma matsi na iya hawa fiye da kima. Ta biyu ta fi tausaya wa huhu, sai dai da ciki ya kumbura iskar da ke shiga kan ragu, da an sace shi kuma ta yi yawa. A ganina ido ne maganin duka biyun: likita ya kafa shi a allon na'ura, in lambar kabon da ke fita ta haura 45 ya ƙara yawan numfashi a minti. Akan kuma bar ɗan matsi bayan kowace fitar iska, don kada ƙasan huhu ya lanƙwashe. Ɗaga kan gado da ake yi don a ga ƙarƙashin hanta yana sassauta wa ƙirji.

Masu sikila, waɗanda tsakuwar matsarmama ta fi damu tun suna matasa, su ake fi yi wa kaffa-kaffa, domin ƙarancin oksijin da sanyi na tayar musu da ciwo, ga Jos kuma da tudu da hunturu. Mai asma ko mai shan taba ya faɗa wa likita tun kafin ranar.

Da an fitar da matsarmama sai a sace iskar ciki, a ba da allurar da ke dawo da ƙarfin jiki. Ba a zare bututu sai mara lafiya ya ja numfashi sosai da kansa, an kira sunansa ya buɗe ido. In ya tashi yana kukan ciwon kafaɗar dama, ragowar iskar ce ke taɓa tantani, cikin kwana biyu ko uku yakan wuce.